Mazurari Ba Ya Hana Jarka Cika

A gidan da na tashi akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna mai mai. Tun kafin a haife ni take sayar da man gyaɗa da manja: kwalba, rabin kwalba, har na cokali. Kayan aikinta ba su da yawa. Garwa biyu, gwangwanin awo, tsumma, sai wani ɗan mazurari da ya yi baƙi saboda daɗewa, wanda bakinsa na ƙasa bai fi ɗan yatsan jariri ba. Ina yarinya nakan tsuguna gabanta ina kallo. Ta wannan siririn baki take cika kwalabe ashirin kafin azahar. Idan masu biki suka aiko da jarka, ta nan ɗin dai za ta cika ta. Ba ta gaggawa. Ta zuba, ta jira ya sauka, ta ƙara, tana hira da matan gida, rediyo na yi a gefe.

Da hunturu kuwa sai aikin ya tsaya. Manja ya daskare, ta ɗebo ta ɗora a mazurari ya zauna daram, ko ɗigo. Sai ta ja garwar rana, ko ta matsar da ita kusa da murhu. Da ya narke, sai ya bi ya wuce salin-alin kamar ba shi ne ya ƙi ɗazu ba.

Na yi shekaru ban tuna da mazurarin nan ba, sai ranar da na wuni a gidan yayata.

Ƙiba ta daɗe tana wahalar da Yaya. Gwiwa ta ƙi, jini ya hau, ciwon sukari ya fara leƙowa, sallah ta koma kan kujera. Babu shayin rage tumbi da ba ta sha ba, babu tsarin abinci da ba ta fara ta bari ba. Daga ƙarshe ta tafi Alƙahira aka yi mata tiyatar rage ƙiba. A irin wadda aka yi mata, likita kan yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi ya cire, ya bar saura siriri kamar ayaba. Akwai wata iri da ta girme ta, wadda likita Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda gyambon ciki ba sa saurin mayar da jiki. A wannan, ana ware 'yar jaka kamar girman ƙwai daga saman tumbi a haɗa ta da hanji kai-tsaye. Ko wacce aka yi wa mutum, tumbin da ya saba ɗaukar lita guda ko fiye ya koma na 'yan lomomi.

Shekarar farko ta Yaya sai sam barka. Loma uku, huɗu, ta ture kwano. Tela ya rage mata riguna sau biyu. Ta ce ranar da goshinta ya sake taɓa darduma sai da ta yi hawaye. Zaƙi ma ya fita daga ranta, kamar yadda yakan faru ga da yawa a watannin farko. Shayin da ta saba zuba wa cokali uku na sukari, yanzu ko guda ta sa sai ya gundure ta.

A cikin shekara ta biyu ta kira ni, murya a sanyaye. "Ni fa ba na cin komai," in ji ta, "amma rigar nan da aka rage ta fara kama ni a hammata. Anya aikin nan bai warware ba?"

Na je tun da safe. A iya saninta ba ƙarya take yi ba. Da rana aka kawo tuwon shinkafa, ta gutsuri abin da bai kai rabin malmala ba, ta wanke hannu. Wanda ya shigo a lokacin zai rantse matar nan ba ta cin abin da zai riƙe ɗan yaye. Amma ni da na wuni na ga sauran. Da safe shayi da madara, da biskit uku da aka tsoma suka yi laushi. Da hantsi 'yar talla ta yi sallama da gullisuwa, Yaya ta sayi ta ɗari biyu "don kada yarinyar ta fita haka." A gefen kujerarta akwai robar cincin da ta rage daga wani suna. Tana waya da hagu, dama na shiga robar tana fita, ɗaya-ɗaya, idonta bai taɓa kallon wurin ba. Da la'asar zoɓo mai sanyi. Bayan magariba rabin kofin fura da aka ji da sukari. Da dare aka kunna Arewa24, robar ta matso.

Da za mu kwanta na ce, "Yaya, kin tuna mazurarin Inna mai mai?"

Ta yi dariya ta ce ta tuna. Na ce mata shi aka sa mata a Alƙahira.

Aikin mazurari ɗaya ne, ya hana a juye da yawa lokaci guda. Bai san ƙidaya ba, bai san safe da yamma ba. Wanda ya tsaya a kansa yana zubawa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta zai cika jarka, ya nemi wata. Da yayyafi kogi kan cika. Haka ƙaramin tumbi yake: loma ta biyar ta tuwo yake hanawa, amma cincin ɗaya yanzu, ɗaya bayan minti goma, bai taɓa cika shi ba balle ya yi ƙorafi. Shi ya sa mai tanɗe-tanɗe ba ya jin ya ci abinci, ba ya kuma jin ya ƙoshi. Yana tsakani wuni guda.

Sai kuma batun daskararre da narkakke. Nama, kifi, ƙwai, wake, su ne manjan hunturu. Suna zama a tumbi su daɗe, mutum ya ji nauyi ya tsaya. Biskit da cincin da cakuleti da alawar madara kuwa tun a baki suke narkewa, su sauka kamar man da ya sha rana. Lemon kwalba da zoɓo da kunun aya ba a ma maganarsu, ruwa ne, ba sa tsayawa gaisawa. Abin takaicin shi ne, bayan tiyata nama kan yi wa mutum wuyar sauka, wani lokaci ya tsaya masa a ƙirji, alhali biskit ba ya ba shi wahala ko kaɗan. A hankali, ba da niyya ba, sai hannu ya koyi zaɓen abin da ke wucewa da sauƙi, wanda kuma shi ne mai mayar da ƙiba. Har ɗabi'armu ta kora loma da ruwa tana cikin lissafin nan, domin ruwan na tura abincin gaba, tumbi ya buɗe da wuri, yunwa ta dawo. Dalili ke nan da likitoci ke cewa a bar kamar minti 30 tsakanin ci da sha.

Yaya ta yi shiru, sannan ta yi tambayar da ta fi damunta: to me ya sa bara ba ta sha'awar komai, bana kuma bakinta ya ƙi zama?

Wani ɓangare na amsar yana cikin jiki. A 1999 masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka gano wani sinadari da ake kira girelin, wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Mafi yawansa daga saman tumbi yake fitowa, daidai wurin da ake cirewa a tiyata irin ta Yaya. Da aka cire, sai ɗan aiken ya yi shiru na wani lokaci. Amma jiki ba ya yarda da asara cikin sauƙi. Bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ramar kan tsaya, sha'awar abinci ta fara dawowa, tumbin ma ya ɗan saki. Wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bi mutum sama da 4,000 tsawon shekaru, ya nuna haka: waɗanda aka yi wa tiyata sukan kai ƙarshen ramarsu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, sannan wani abu ya dawo, duk da cewa bayan shekara goma suna nan ƙasa sosai da inda suka fara. Wato ɗan dawowar nan ba alamar aiki ya warware ba ne. Yawan abin da zai dawo shi ne abin da ke hannun mutum.

Ɗaya ɓangaren amsar ba ya cikin tumbi sam. Akwai yunwar ciki, akwai yunwar baki. Ta ciki takan zo a hankali, kuma ko wake aka ba ta za ta karɓa ta yi godiya. Ta baki takan zo farat ɗaya, da sunan abin da take so: gullisuwa, ba ƙwai ba. Likita ya taɓa tumbin Yaya, amma hannun da ya yi shekara talatin yana miƙawa robar cincin idan rai ya ɓaci ko gida ya yi shiru, wannan ba a shiga da shi ɗakin tiyata ba. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, mai hankali ma ba ya sake shi da daɗi.

Shi sukari yana da nasa makircin daban. Duk macen da ta taɓa girki da kara ta san halin wutarsa: ta tashi bal-bal kamar za ta cinye tukunya, kafin ki juya ta zama toka, sai kin sake turawa. Sukari wutar kara ne. Ga wanda aka yi wa tiyata abin ya fi tsanani, domin zaƙin na faɗawa hanji lokaci guda kamar tifa ta juye yashi a ƙofar gida. Cikin minti 10 zuwa 30 wasu kan ji zuciya na dukan uku-uku, gumi, jiri, murɗar ciki, har gudawa. Wannan ya fi kama waɗanda aka haɗa wa 'yar jaka da hanji, amma masu siririn tumbi ma ba su tsira ba. Akwai kuma mai zuwa a makare. Sukarin jini ya yi tsalle, jiki ya sako insulin da yawa don ya sauke shi, bayan awa ɗaya zuwa uku ya faɗi ƙasa warwas. Sai hannu ya fara rawa, jiki ya mutu, mutum ya ji idan bai sa zaƙi a baki ba zai faɗi. Ya sa, wuta ta tashi, ta sake mutuwa. Yaya ta ce lallai kuwa, kullum bayan zoɓon la'asar, kafin magariba sai ta ji kamar an zare mata laka, shi ya sa take neman fura. Ashe zoɓon ne ke kiran furar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a rana, wato kamar giram 50 ga babba, idan kuma aka tsaya a giram 25, kusan ƙaramin cokali shida, ya fi. Lemon kwalba irin na kola yana da kimanin giram 10 a kowane mililita 100. Robar rabin lita guda ta cinye kason rana gaba ɗaya, kuma wannan lissafin mai cikakken tumbi ne.

Gyaran bai zo rana ɗaya ba. Abu na farko da Yaya ta yi shi ne komawa asibiti, abin da ta daɗe tana gudu saboda kunya. Likita ya duba jininta, ya tura ta wurin masaniyar abinci, wadda ba ta yi mata faɗa ba. Ta dai ce ta sayi ɗan littafi ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta na mako guda, da lokacin, da abin da take ji a ranta sa'ad da ta ɗauka. Littafin ya fito kamar na bashin mai shago. Ba buhun shinkafa ke karya magidanci a ƙarshen wata ba, "rubuta mini Maggi, rubuta mini sukari na hamsin" ne. Da ta karanta nata, ta ga bashin ya fi taruwa wuri biyu: bayan la'asar, lokacin da yara suka tafi Islamiyya gida ya yi tsit, da kuma dare gaban talabijin.

Daga nan ta fara da manjan hunturu. Kowane zama, mai gina jiki ne farko: ƙwai, kifi, kaza mai laushi, alala, awara, kindirmo marar sukari. Ganye kamar zogale ya biyo baya, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe idan akwai wuri. Ana so mai irin tiyatarta ya samu giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, alhali ƙwai guda giram 6 ne kacal. Da ta yi wannan lissafin ta gane tumbinta ɗaki ne da ya yi ƙanƙanta da baƙin banza. Duk cincin da ya shiga, wurin wani abu ya tare, wanda jiki ke bukata don kada tsoka ta narke, gashi ya zube. Kuma nama da wake icen kirya ne. Garwashinsu na daɗewa, ba sa barin mutum yana neman abin turawa bayan awa guda.

Sai ta yi wa mazurarin lokacin aiki. Ba ta bi agogo ba, ta bi sallah. Kari da hantsi, abincin rana bayan azahar, ɗan abu guda da aka shirya tun safe bayan la'asar, dafaffen ƙwai ko ƙaramin kofin kindirmo, sai na dare bayan magariba. Kowanne a zaune, a kwano, a hankali, idan an yi rabin awa a rufe a ɗauke, domin tsakurar kwano ɗaya na awa biyu shi ma zubi ne. Tsakanin waɗannan ruwa ne kawai, kurɓi-kurɓi, har lita ɗaya da rabi a rana. Ta gano sau da yawa abin da take ɗauka kwaɗayi ƙishirwa ce.

Robar cincin ta bar falo, ta bar gidan ma. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a gwada ƙarfin zuciya da ƙarfe goma na dare alhali alawa na cikin durowa. Abin da yara za su ci aka mayar da shi na rana ɗaya a mako, a saya a cinye a waje. 'Yar tallar nan har yanzu tana shigowa, Yaya na ba ta ɗari biyunta, ta ce ta kai wa almajiran ƙofar gida. Sukarin shayi ta rage shi rabin cokali rabin cokali, ta ƙara citta da kanumfari, har harshe ya saba. Yanzu idan aka ba ta shayin mai shayi, cewa take an zuba mata zuma.

Idan yunwar baki ta taso, ba ta kokawa da ita, jira take. Wannan ilimi ne da kowane mai azumi yake da shi bai san yana da shi ba: yunwar ƙarfe goma sha biyu ba ta kaiwa ƙarfe biyu da ƙarfinta. Yaya takan tashi daga kujerar, ta yi alwala, ta leƙa tsakar gida, ta ce wa kanta idan bayan minti goma sha biyar abin na nan za ta ci ƙwai. Galibi kafin lokacin ya wuce. Shirun la'asar kuwa, da ta gane kaɗaici take taunawa ba cincin ba, sai ta shiga ajin matan aure na unguwa, tana zuwa a ƙasa. Ta kuma daina kai wa ƙarfe ɗaya na dare tana danna waya. Wani gwaji a Jami'ar Chicago a 2004 ya nuna samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa huɗu na dare biyu, girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 28 cikin 100, sha'awarsu ta karkata ga kayan zaƙi. Rashin barci ma mai zubi ne.

Jarrabawa mafi wuya ba a gidanta take ba, a gidan biki take. A wurinmu abinci zumunci ne, ƙin tayi kuma kamar ƙin mai tayin. Ina wurin ranar da Gwaggo ta tsare ta da faranti, alkaki na sheƙi, nakiya a gefe.

"Ke 'yar nan, nakiyar nan ni na tsaya aka daka ta. Taɓa mana, ko ɗan kaɗan ne. Dubi yadda kika zube, kamar wadda ta tashi daga jinya."

Yaya ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. "Gwaggo, tun daga zaure na ji ƙamshinta, na san hannunki ne. Likita ne ya sa mini doka. Ki sa a ƙulla mini, in kai wa jikokinki."

Gwaggo ta yi tsaki ta ce likitocin zamani ba su bar wa mutum komai ba, ta kuma sa aka ƙulla har leda biyu. An karɓi tayi, ba a ci ba, ba a ɓata wa kowa ba. Ledar ba ta kwana a gidan Yaya ba.

Ba zan ce ba ta taɓa zamewa ba. Sallar da ta wuce ta ci dubulan har uku, ta kwanta tana gumi, ta kira ni tana cewa ita kam ba ta da amfani. Na ce mata Inna ma takan ɓarar da mai wani lokaci, ban kuma taɓa ganin ta kifar da garwa don haushin cokali guda ba. Takan sa tsumma ta goge, ta ɗauki kwalba ta gaba. Washegari Yaya ta karya da ƙwai, ta sha ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da za ta sha har ƙarshen rayuwa, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wanda kuwa ya ga zamewar tasa ta zama ta kullum, ko yana ci a ɓoye yana kuka, ko jiri na kayar da shi, maganarsa ta wuce shawarar ƙanwa. Likita zai koma, kuma ba abin kunya ba ne.

Kwanan baya na sake zuwa, na tarar da ita tana cin abincin rana: kifi, ɗan zogale, cokali biyu na shinkafa a gefe. Muna hira tana ci a hankali. Akwai sauran loma a kwanon sai na ga ta ajiye cokali, ta jawo murfi ta rufe.

Ta ce, "Kin san abin da na tuna? Ban taɓa ganin kwalbar Inna ta yi ambaliya ba."

Gaskiya ne. Duk hirar da take yi, duk rediyon da ke yi, idon Inna na kan wuyan kwalba. Da mai ya kai wurin sai ta ɗaga gwangwani, ta goge mazurarin da tsumma, ta rataye shi a ƙusarsa.

Yaya ta miƙa wa yarinya kwanon, ta duba agogon bango don ta san lokacin da za ta sha ruwa.